Kalmar "Seldom" Da Yadda A Ke Aiki Da Ita

Cikin kalmomin Turanci da mu ke koya wa yara akwai waɗansu da kan ba mutum tsoro tun daga nesa saboda tsawonsu, amma in ya matso kusa sai ya tarar ba su da wata wuya. Akwai kuma waɗansu 'yan gajeru waɗanda a ke bi ta kansu da sauri, su ne kuwa ke kai mutum ƙasa. Kalmar da za mu yi magana a kanta tana cikin kashi na biyu, ita ce seldom. Haruffanta 6 ne tak, gaɓoɓinta 2, amma ta taɓa jawo wa wani yaro bulala bisa laifin da bai yi ba, mu ne kuwa sanadi. Don haka muka ga ya kamata mu rubuta abin da muka koya game da ita, ko 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta sa tsira daga ramin da muka faɗa.

Ga yadda abin ya faru. Sa'ad da aka tura mu wata makaranta mu gwada koyarwa, ran nan muka ci karo da kalman nan cikin littafin karatu. Wani yaro ya ɗaga hannu ya tambayi ma'anarta. Mu kuwa ba mu shirya mata ba, ga shi muna jin kunya a ce Malam ya buɗe ƙamus a gaban aji. Sai muka ce, "Ma'anarta wani lokaci," muka wuce. Yara suka rubuta haka cikin littattafansu. Bayan kamar mako biyu malamin ajin ya rubuta wa kowane yaro takardar halinsa da ƙoƙarinsa, don ya kai wa ubansa. A takardar wani yaro mai himma ya rubuta, "He is seldom absent and seldom late." Yabonsa ya yi. Uban yaron maɗinki ne, yana da karatun Muhammadiyya gwargwado, amma bai iya boko ba, saboda haka ya ce wa ɗan ya karanta masa. Yaro mai gaskiya, ya fassara kamar yadda muka koya masa, ya ce, "Baba, an ce wani lokaci na kan yi fashi, wani lokaci kuma na kan makara." Uban ya ce, "Kullum da sassafe ka ke barin gidan nan. In ba makaranta ka ke zuwa ba, ina ka ke zuwa?" Yaro ya yi ta rantsuwa, uba ya ce ai takarda ba ta ƙarya. Ya yi masa dukan kirki, ya ce kuma ya gama makaranta ke nan, gara ya zauna ya koyi ɗinki inda ido ke ganinsa.

To, mece ce ainihin ma'anar seldom? Da Hausa muna da hanya uku na faɗinta, kowacce kuwa daidai ce. Mu kan ce, "Ba safai ya ke zuwa ba," ko "Bai cika zuwa ba," ko "Bai faye zuwa ba." Duk ukun nan Bature ya kan ɗinke su da kalma uku, ya ce, "He seldom comes." Watau abin ya kan faru, amma faruwarsa kaɗan ce ƙwarai, har ta yi kusa da babu. Da mun faɗa wa yaron nan haka, da abin da ya karanta wa ubansa shi ne, "Ba safai ya ke fashi ba, bai kuma cika makara ba," da tukwici ya samu maimakon bulala.

Masu nahawun Turanci sun sa ta cikin jinsin da su ke kira adverb, watau kalmar da ke bin fi'ili tana ƙara bayani a kansa, kusa da abin da mu ke kira zarfu a nahawun Larabci. Ita da 'yan ɗakinta amsar tambaya ɗaya su ke bayarwa, "How often?" watau sau nawa abu ke faruwa. Suna jere kamar matakan tsani. A bisa akwai always, kullum ba fashi. Ƙasa da ita usually, galibi. Sa'an nan often, sau da yawa, sai sometimes, wani lokaci, sai seldom, a ƙarƙashin duka kuma never, wadda ke nufin ko sau ɗaya babu. Mai duban tsanin nan zai ce ai kuskurenmu bai taka kara ya karya ba, mataki ɗaya kurum muka tsallake. Mu ma haka muka fara faɗa wa kanmu don mu sami sanyin rai. Amma da muka zauna muka yi tunani, sai muka ga tsakanin matakan nan biyu akwai babban rami.

Bambancin sometimes da seldom ya wuce na yawa. Kowacce akwai inda ta sa gaba: sometimes tana fuskantar "i", seldom tana fuskantar "a'a". A ce wani ya zo neman bashi wajen attajiri, attajiri ya tambayi maƙwabta biyu halinsa. Mutumin nan an ba shi bashi sau 10, ya biya sau 2. Maƙwabci na fari ya ce, "He sometimes pays his debts." Na biyu ya ce, "He seldom pays his debts." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, lissafin ɗaya ne. Amma na fari cewa ya ke yi a gwada shi, ana iya dacewa; na biyu kuwa cewa ya ke yi a ɗaure bakin jaka. Irin wannan tagwaitaka akwai ta a wani wuri cikin Turanci. "A few came" na nufin an sami waɗansu sun zo, alhamdu lillahi. "Few came" na nufin kusan ba wanda ya zo, abin takaici. Sometimes 'yar'uwar a few ce, seldom kuma 'yar'uwar few.

Nan ne gindin maganar duka. Seldom kalmar korewa ce, amma ta sa rigar tabbatarwa. Mu Hausawa in za mu kore magana mu kan sa mata "ba" a gaba da "ba" a baya, kamar mangala a kan jaki, kowa na gani. Yaro kuma an riga an koya masa cewa alamar korewa a Turanci not ce, ko no. Sai ya dubi "He seldom comes," ya nemi not sama da ƙasa bai gani ba, ya yanke cewa maganar tabbatarwa ce. In kuwa aka ba shi "Ba safai ya ke zuwa ba" ya juya Turanci, sai ya ga "ba" har biyu, zuciyarsa ta ƙi yarda ya bar su su tafi a banza, ya rubuta, "He does not seldom come." Ya kore korewa ke nan, maganar ta juye ta koma kusa da cewa mutumin yana yawan zuwa, ga ta kuma da nauyi a kunne. Dokar ita ce, inda seldom ta shiga, not ba ta da wurin zama, don an riga an dafa ta a ciki.

Waɗanda suka taɓa nahawu a makarantar ilmi ba za su yi mamakin wannan ba, gama Larabci na da kalma mai irin halin nan, ita ce ƙallama. An gina ta daga fi'ilin ƙalla, watau ya ƙaranta, aka liƙa masa ma. Ba la a jikinta, ba lam, amma duk wanda ya ji ta ya san ana nufin da ƙyar abin ke aukuwa. Mun gwada wannan misali ga waɗansu manyan yara da suka yi nisa a karatun zaure, nan da nan suka gane, har suka riga sauran.

Kada wani ya ce wannan zance ne na fatar baki, Turancin kansa yana ba da shaida. Bature in ya faɗi magana yana neman a gaskata shi, ya kan liƙa mata 'yar tambaya a wutsiya. In maganar tabbatarwa ce, wutsiyar korewa ce: "Audu often comes, doesn't he?" In maganar korewa ce, wutsiyar tabbatarwa ce: "Audu doesn't come, does he?" To, seldom wace wutsiya ta ke ɗauka? Ta tabbatarwa: "Audu seldom comes, does he?" Haka kuma any ta ke bi, ba some ba: "We seldom see any lions now." In wani zai ce shi ma haka, neither zai ce, ba so ba: "Audu seldom smokes, and neither do I." Duk inda aka taɓa ta, halin not ta ke nunawa.

Shaida mafi ƙarfi tana wajen farkon magana. Ana iya fara magana da sometimes ba abin da ya motsa: "Sometimes we go to market." Amma in seldom ta hau gaba, sai fi'ili ya tsallake fa'ili kamar ana tambaya: "Seldom do we go to market," ko "Seldom have we seen such a harvest." Haka never ke yi, haka sauran kalmomin korewa. Wanda ya rubuta "Seldom we go" ya yi kuskure. Amma fa wannan gini na wa'azi ne da manyan rubuce-rubuce. Yara da zarar sun koye shi sai su riƙa cusa shi ko'ina, har cikin wasiƙar neman izinin zuwa ganin gida. A ganinmu gara a nuna musu shi don su gane shi in sun gamu da shi cikin littafi, a hana su aiki da shi sai sun ƙware.

Wurin zamanta na kullum tsakiyar magana ne. In fi'ili ɗaya ne, tana gabansa: "It seldom rains in Kano in March." In akwai ƙaramin fi'ili mai taimako, tana bayansa: "He is seldom late," "We have seldom met," "You will seldom find him at home." In masu taimakon biyu ne, tana bayan na fari: "It has seldom been done." Wani masanin koyar da Turanci, Harold Palmer, wanda ya yi aiki a Japan daga 1922 zuwa 1936, ya ƙidaya irin ƙananan fi'ilan nan ya sami 24, su ne am, is, are, was, were, have, has, had, do, does, did, shall, should, will, would, can, could, may, might, must, ought, need, dare da used. Abokin aikinsa A. S. Hornby ya bi wannan tsari cikin ƙamus ɗinsa na masu koyo, wanda aka fara bugawa a Tokiyo cikin 1942, Oxford kuma ta sake buga shi cikin 1948. Malamin da ya haddace su ya huta da rabin wahalar Turanci, don su ne kuma ke ɗaukar not, su ne ke juyawa a tambaya. Sai dai a lura da have da do, domin wani lokaci su ne manyan fi'ilai da kansu, sa'an nan seldom sai ta koma gabansu: "We seldom have meat," "He seldom does his work." Haka nan a gajeriyar amsa, inda nauyin murya ya faɗa kan ƙaramin fi'ilin, tana gabansa: "Is he late? He seldom is." Abin da ba a yi sam shi ne a raba fi'ili da abin da aikinsa ya faɗa wa, a ce "He eats seldom meat."

Akwai wani tarko wanda Hausa ce ke ɗana mana shi. Mu kan ce "yana zuwa" ga wanda ke kan hanya yanzu, mu kan kuma ce "yana zuwa kullum" ga wanda zuwan ya zama masa al'ada. Turanci ya raba su, "he is coming" dabam, "he comes" dabam. Da ya ke mu kan ce "ba safai ya ke zuwa ba", sai yaro ya ga "ya ke", ya rubuta "He is seldom coming." Ba haka ba ne. Seldom maganar al'ada ta ke yi, saboda haka "He seldom comes" za a ce. Hanyar da muka ga ta fi sauƙi ita ce a tuna wa yara da "kan". Duk inda Bahaushe zai iya cewa "ya kan", ko ya kore ta, nan ne gidan comes, goes da eats, nan ne kuma gidan seldom.

Yaya ƙarancin abu zai kai kafin a ce masa seldom? Waɗansu littattafai su kan rubuta lamba a gefen kowane mataki na tsanin nan, su ce wannan kashi kaza ne cikin ɗari. Yana taimakon ido, amma kada a ɗauke shi doka, domin kalman nan ba ta da mudu. Da abin da a ke tsammani a ke auna ta. Wanda ke cin nama sau ɗaya a wata, a ce "He seldom eats meat." Wanda ke zuwa Makka sau ɗaya a shekara kuwa, ba mai cewa seldom, sai often. Ba ta kuma faɗin ko abin yana da ƙayyadadden lokaci ko ba shi da shi. Tauraro mai wutsiya wanda Turawa ke kira Halley ya bayyana cikin 1910, ya komo cikin 1986, ana kuma jiransa cikin 2061. Lokacinsa sananne ne, duk da haka "it is seldom seen", don mutum ya yi sa'a in ya gan shi sau biyu a rayuwarsa. Haka cikakken husufin rana, irin wanda ya ratsa ta Gusau da Katsina da Maraɗi ran 29 ga Maris 2006, har gari ya yi duhu da hantsi. Amma kome ƙarancin abu, in ya taɓa faruwa, bai zama never ba. Turawa na da karin magana, "Barking dogs seldom bite," watau kare mai yawan haushi bai cika cizo ba. A lura ba su ce never ba. Kada wani yaro ya dogara da ita ya faɗa gidan mai kare.

In ana son a matsa ta kusa da babu, sai a ce very seldom, ko seldom if ever, ko seldom or never. Waɗansu kan gauraya biyun nan su ce seldom or ever, wannan kuwa ba shi da ma'ana. Wajen gwada abu biyu, less often ta fi daɗin ji: "He comes less often than his brother." Ba a kuma sa ta sifa a Turancin yanzu, a ce "a seldom visitor", sai "a rare visitor". Rashin ly a wutsiyarta kada ya ruɗe kowa, often da always da never ma ba su da shi. Tsohuwar kalma ce ƙwarai. A tsohon Turanci seldan a ke cewa, daga baya n ɗin ya koma m. Danginta suna nan har yanzu, mutanen Jamus na cewa selten, na Holan zelden. Wajen faɗi, nauyin murya a gaɓar fari ya ke, o ɗin gaɓa ta biyu kuwa da ƙyar a ke jinsa.

Ya kamata kuma yara su sani cewa seldom ta fi zama cikin rubutu. A hira Bature ya fi cewa rarely, ko hardly ever, ko not often. Hardly ɗin nan ma wani ramin ne, don ba ta da alaka da ƙoƙari: "He works hard" yabo ne, "He hardly works" kuwa cewa a ke yi malalaci ne.

Mu koma ga yaronmu. Da ya kwana uku bai zo ba, sai muka tambayi abokansa, suka ba mu labari. Muka ɗauki rajista muka tafi wurin babban malami, muka ce, "Ranka ya daɗe, laifin nan namu ne." Ya dube mu, bai yi faɗa ba, ya ce wanda ya ɓata shi zai gyara. Da la'asar muka sami uban a rumfarsa yana ɗinki. Muka gaisa, muka buɗe masa rajista. Cikin kwana 58 da aka yi ana karatu, rana 1 kaɗai yaron ya yi fashi, ran da zazzaɓi ya kwantar da shi, uban ma ya tuna da ita. Muka ce, "Baba, takardan nan yabon ɗanka ta yi. Mu ne muka koya masa ma'anar da ba ita ba." Ya yi shiru, ya ajiye allura, sa'an nan ya ce, "To, Malam, da ya ke ni aka rubuta wa, me ya hana a rubuta da Hausa?" Ba mu sami amsa ba. Ya ce yaro ya koma gobe.

Kashegari muka sake darasin daga tushe, rajistan nan kuwa ita ta zama littafinmu. Muka zana layi 6 a allo, kowane layi da gida 20, watau kwanakin karatu na wata guda. Layi na fari muka cika gidajensa duka da alli, na biyu muka bar kaɗan, haka har na biyar mai gida 1 tak a cike, na shida kuwa fayau. Ba mu rubuta Hausa ko kalma ɗaya ba. Muka riƙa nuna layi muna tambaya, "How often does he come?" suna amsawa. Da muka iso na biyar muka sa su girgiza kai sa'ad da su ke faɗin seldom, kamar yadda su ke yi wa never, su kuma gyaɗa kai ga sometimes. Abin ya ba su dariya, amma ya zauna. Sa'an nan muka sa kowa ya tsaga layi a kan tsohuwar ma'anar da ke littafinsa, muka faɗa musu a fili cewa Malam ne ya yi kuskure, ƙamus kuwa tun daga ran nan a kan tebur ya ke kwana.

Daga ƙarshe muka ce kowa ya rubuta magana 3 ta gaskiya game da gidansu, da seldom a ciki. Yaro 4 suka sake sa not, 2 suka rubuta "is seldom going", sauran suka yi daidai. Da muka zo kan littafin ɗan maɗinki sai muka ga ya rubuta, "My father seldom beats me." Muka duba ta gaba da baya, ba mu sami abin gyara ba, muka ba shi maki cikakke.